Kalangu a Filin Argungu

"Ni anka hana magana, Maigandi. Kalangu ba wanda yah hana shi."

Fiddausi na tsaye bayan ƙyauren zaure, kwanon fura a hannunta, lokacin da ta ji babanta ya faɗi haka. Dariya ta biyo baya, tasa mai kauri da ta Maigandi makaɗi mai kama da tari. Ta jira suka lafa, sannan ta yi sallama, ta durƙusa ta ajiye kwanon, ta fice ba ta kalli kowa ba. Haka take tun tana ƙarama. Har ta gama sakandare, malamai da yawa ba su san muryarta ba. Amma kunnenta ba ya barin komai ya wuce, kuma maganar nan ta bi ta har madafa.

Babanta shi ne Koci Tamba. Duk Birnin Kebbi ba wanda bai san shi ba. Shi ke horar da kulob ɗin da ake kira 'Yan Kwata, don mahauta ne suka kafa shi, tun ana buga ƙwallo ba takalmi a bayan mayanka. Yanzu kulob ya girma, 'yan wasa na cin albashi, har daga kudu ake ɗauko wasu. Amma magoya baya suna nan yadda suke, mahauta da 'ya'yan mahauta, masu damatsa kamar taɓarya. Shi kansa Tamba ɗan mahauci ne, kuma ban da ƙwallo bai taɓa yin wata sana'a ba. Da ita ya gina gidan, da ita ake ɗora tukunya.

Kwanan baya ne abin ya faru. Rafali ya ba wani ɗan wasansa jan kati, Koci ya faɗa cikin fili ya cakumi wuyan rigar mutumin, ya jijjiga shi har usur ya faɗi ƙasa. Kwamitin ladabtarwa na gasar ya zauna ya yanke hukunci: ba zai ƙara zama a benci ba har gasar bana ta ƙare. Ba shiga ɗakin 'yan wasa, ba waya, ba aike. In yana son kallo, ya hau sama cikin 'yan kallo kamar kowa.

To ga shi saura wasa ɗaya, a Argungu, da kulob ɗin da ake kira 'Yan Homa, sunan komar kamun kifi ta masuntan garin. In 'Yan Kwata suka ci, sun hau babban rukuni. In ba su ci ba, sai wata shekara, kuma masu kulob sun riga sun fara ƙunƙuni.

Shi ya sa kullum bayan la'asar zauren gidan ya koma wurin kiɗa. 'Yan wasa su cika shi maƙil, su zauna a tabarma, Maigandi ya matse kalangu a hammata. Wannan kiɗan, ku hau gaba. Wannan, ku koma ku tsare gida. Wannan kuma, a jefa ƙwallo gefen hagu. Yaran kudu ma da ba su jin Hausa sosai suka haddace, suna ta dariya suna cewa Koci ya fi kwamiti wayo. Fiddausi tana wanke-wanke a tsakar gida ta haddace su duka ba da niyya ba.

Akwai wani kiɗan da sau ɗaya tak ta ji an yi, bayan 'yan wasa sun watse. Da sandar ta sauka a fatar, sai ta dakata da wanke-wanken. Ta san shi. Taken da ake yi wa mahauta ne in za su shiga fagen dambe. Tana yarinya ta taɓa ganin wani tsoho a kasuwa ya ji shi, ya yar da faifan nama, jikinsa ya hau tsuma, sai da ƙarti suka danne shi.

"Wanga ka aje shi," ta ji babanta ya ce. "Sai in na dahwa maka gwiwa."

"Koci, ka san yaran ga in sunka ji shi."

"Na sani. Tsoro ɗai nika so rafali shi ji."

Katanga ɗaya ce ta raba gidansu da na su Susanna a unguwar Nasarawa. Iyayen Susanna daga Filato aiki ya kawo su, amma ita da yayanta Stephen a nan aka haife su. Susanna ce kaɗai ƙawar Fiddausi, kuma abin ya zo daidai, don ita ba ta gajiya da magana, Fiddausi ba ta gajiya da saurare. Stephen kuwa a hannun Koci ya koyi ƙwallo tun yana ɗan ƙarami. Da gwiwa ta hana shi wasa, Kocin ne ya tura shi ya koyi alƙalanci. Yanzu yana koyar da motsa jiki a wata firamare, ranar wasa kuma ya riƙe tuta a gefen fili. Har gobe Koci "ɗana" yake ce masa.

Ana gobe wasa, Fiddausi ta shiga gidansu aron rariya, ta iske Stephen a bakin famfo yana goge takalmi.

"Fiddo!" Susanna ta daka mata duka a kafaɗa. "An ba Yaya wasan Argungu. Wanda aka sa zazzaɓi ya kwantar da shi. Tare za mu je, kin ji ko? Kada ki fara mini wannan kallon na akuya."

Fiddausi ta tuna kiɗan nan na zaure. Ta gaishe da Stephen, kanta a ƙasa.

"'Yar Koci," ya ce yana murmushi. "Yaya tsohon? Yana ta cika yana batsewa ko?"

"Lahiya lau shike, Yaya."

"Ni wannan hukuncin nasu ban gane masa ba. Da yana benci, ina ganinsa, in ya taso in ce Koci zauna, ya zage ni ya zauna. Yanzu sun ɗauke shi daga inda muke ganinsa sun kai shi tsakiyar mahauta. Wa zai ce masa zauna a can?"

"To me kake so su yi masa?" in ji Susanna. "Su ɗaure shi a gindin darbejiya?"

"Da ya fi," ya ce, suka kwashe da dariya.

Maganar ta zo wa Fiddausi har bakin leɓe. Yaya, in ka ji kiɗa ya canza, ka gudu. Amma in ta faɗa, sai ya tambaye ta wane kiɗa, wa ya shirya shi. Ta karɓi rariya ta fita.

Inna ta yarda ta je don goggonta na Argungu, ta ce ta kai mata daddawa. Da hantsi suka shiga mota ita da Susanna, a matse tsakanin buhunan albasa. Shinkafa ta yi kore shar a fadama hagu da dama, Susanna na ta zuba, Fiddausi ba ta ji ko rabi ba.

Kafin la'asar fili ya cika. 'Yan Argungu sun mamaye gefe guda da gangunansu, wasu sun zo da gorunan kamun kifi suna bugawa. Mahautan Birni sun cika nasu gefen, waya ce kawai tsakaninsu da fili, kuma a gabansu daidai aka ajiye Stephen da tutarsa. 'Yan sanda kaɗan ne, sun fake a inuwar motarsu. Su Fiddausi suka sami wuri a rumfar mata, sama kaɗan da mahautan. Daga nan tana hango ƙeyar babanta da farar hularsa, Maigandi na zaune a damansa.

Aka take wasa. Koci bai ce uffan ba, ya harɗe hannuwa a ƙirji kamar mai jiran liman. Sai dai ya ɗan karkata ya yi wa Maigandi raɗa, kiɗa ya juya, 'yan wasa su hau gaba. Ya sake karkatawa, su koma baya. Wakilin kwamiti na zaune can da tabarau, yana kallon Koci yana gyaɗa kai, ga mutum ya bi doka.

'Yan Homa suka fara ci. Bayan hutu 'Yan Kwata suka rama. Daga nan wasa ya koma kokawa, ana ta faɗuwa ana tashi, zagi na yawo daga wannan gefe zuwa wancan.

"Masu warin kihi!"

"Ku koma ku wanke hanji, 'yan kwata!"

Lokaci ya kusa cika, aka jefo ƙwallo gefen hagu, ɗan gaban 'Yan Kwata ya tsere da ita ya narka a raga. Gefen Birni ya fashe da ihu. Mutane na rungumar juna, wani ya cire riga yana juyawa a sama, Susanna ma ta miƙe tana tsalle. Fiddausi ce ta fara ganin tutar. Stephen na tsaye cak, hannunsa a sama, tuta na kaɗawa. Satar gida. Rafali ya busa, ya soke ƙwallon.

Ihun ya mutu. Na ɗan lokaci ba ka jin komai sai gangunan Argungu daga can nesa.

Fiddausi ba ta kalli fili ba, babanta take kallo. Bai tashi ba, bai buɗe baki ba. Ta ga ya warware hannuwansa a hankali, ya sauke na dama ya dafa gwiwar Maigandi. Maigandi ya juyo ya dube shi. Hannun bai ɗaga ba.

Sandar ta sauka.

Wani ƙato a gaba ne ya fara kurma ihu, irin na fagen dambe, jikinsa na karkarwa. Na kusa da shi ya amsa. Kafin ka ce me, duk layin gaba ya miƙe, suka dafe waya, suka jijjiga ta gaba da baya har turakun suka tuge daga ƙasa. Waya ta kwanta, suka bi ta kanta.

Rafali ya ga abin da ke tafe ya zura da gudu wajen motar 'yan sanda. Stephen bai gudu ba, don ya ba su baya, yana kallon fili. Da ya waiwayo sun riga sun iso. Ya ɗaga hannu yana kiran wani da suna, don ya san su, a wurinsu yake sayen nama. Naushin farko ya same shi a muƙamuƙi, Fiddausi ta ji ƙarar har rumfar mata, kamar an fasa busasshen icce. Ya tafi taga-taga. Wani ya fizge tutar daga hannunsa, ya juya ta, ya maka masa sandar a fuska. Sandar ta karye, ya ƙara masa da guntun. Stephen ya faɗi, suka rufe shi, ba ka ganin komai sai ƙafafu na tashi suna sauka.

Kalangu bai tsaya ba.

Susanna ta yi wata ƙara da Fiddausi ba ta taɓa jin irinta ba, ta ture matan gabanta ta gangara. Daga ɗaya gefen 'yan Argungu suka ɓarko, su ma da duwatsu da guntayen benci. Fili ya haɗe. Wani yaro ɗan wasa na gudu jini na zuba daga kunnensa. An kama golan 'Yan Homa an haɗa kansa da ƙarfen raga. Wani dattijo mai sayar da rake ya durƙusa yana kare kansa da faranti, ana fizgar raken ana dukan mutane da shi. Sai 'yan sanda suka harba barkonon tsohuwa, hayaƙi ya turnuƙe, mata suka yi ta faɗuwa a kan juna a bakin ƙofa.

Fiddausi ba ta san lokacin da ta sauka ba. Idonta na zuba, maƙogwaronta kamar ta haɗiyi garwashi, takalminta ɗaya ya tafi. Ta iske Susanna a durƙushe ta kifa jikinta a kan yayanta, bayan rigarta duk sawun takalma. Hayaƙi ya kori mahautan. Stephen na kwance a gefe ɗaya, bakinsa ya karkace, ya ƙi rufuwa. Inda idonsa na hagu yake, ba ta ga ido ba, sai wani abu ja da ya kumbura ya cika ramin. Yana numfashi jini na kumfa a hancinsa.

"Fiddo, riƙe kansa! Riƙe kansa, don Allah!"

Ta cire mayafinta ta tallafi kan. Ɗumin jinin ya ratsa yadin ya iso tafin hannunta.

A nan babanta ya same su. Ya ratso hayaƙin yana ture mutane, hularsa ta faɗi, yana ihu, "Ku bar shi! Ɗana na! Wa yat taɓa min ɗa?" Ya sunkuya ya ɗauki Stephen cak kamar jariri, ya ruga da shi wajen mota. Mutane da yawa sun ɗauki wannan a waya. Kafin magariba hoton ya zaga ko'ina: Koci Tamba, kai ba hula, riga jina-jina, ya ceci mai tuta.

Daga asibitin Argungu aka wuce da Stephen Birni. Muƙamuƙi ya karye, aka ɗaure haƙoransa na sama da na ƙasa da waya. Haƙarƙari ma sun taɓu. Idon kuwa likita ya ce sai dai haƙuri.

'Yan sanda suka kwashi mahauta cike da mota, suka haɗa da Maigandi, don kowa ya ji kiɗan. Matarsa ta zo gidan tana kuka, ta ce sun taka masa yatsu a ofis, hannun ya kumbura kamar gwanda, amma ya ce shi kaɗai ya ga dama ya kaɗa, zafin wasa ne ya ɗebe shi. Koci ya sa aka auna mata shinkafa, ya ce ta yi haƙuri, ana ƙoƙari.

Gari ya ɗauka. A rediyo, a teburin mai shayi, a bakin famfo, maganar ke nan. Wasu su ce a kore kulob ɗin daga gasar gaba ɗaya. Wasu su ce a hana su 'yan kallo. Wani ya bugo waya gidan rediyo ya ce duk kocin da ya taɓa cakumar rafali, a raba shi da ƙwallo har abada, da an yi haka tun ranar farko, da ba a kai ga wannan ba. Wani ya amsa masa da cewa kai wane irin mutum ne, bawan Allah yana zaune bai ce komai ba, an hana shi benci ya haƙura, shi ya ɗauki yaron da hannunsa, me kuma kake so? Wakilin kwamiti ma ya ce a gabansa aka yi, Koci Tamba ko tari bai yi ba. Aka sanar kwamiti zai zauna ranar Alhamis, duk wanda ya ga wani abu ya zo ya faɗa.

Fiddausi ta daina cin abinci sosai. In ta rufe ido, hannun nan take gani yana sauka a gwiwa. Ta san abin da zai biyo baya in ta buɗe baki. Ba maganar benci ba ce kuma, raba shi za a yi da ƙwallo, wataƙila har da gidan yari. Mutumin da bai iya komai ba sai wannan. Ga Inna, ga ƙannenta. In kuma ta yi shiru, Maigandi zai ruɓe a can da karyayyun yatsu, babanta ya koma benci baɗi, Stephen ya ci gaba da gaishe shi da ido ɗaya.

Koci da kansa ya je dubiya, ya sa Fiddausi ta riƙo leda. Sai da suka isa gadon ta gane abin da ke ciki: balangu ne mai zafi, daga wurin mahautan da ba a kama ba. Ya buɗe takardar a gaban mutumin da aka ɗaure wa baki da waya, ƙamshi ya cika ɗakin. Susanna ta dubi naman, ta dubi Koci.

"Baba, da me zai tauna?"

Koci ya tsaya da takarda a hannu, ya rasa inda zai ajiye ta. Ya yi ta cewa, "Sannu ɗana, sannu. Wallahi sai na ga bayan waɗanda sunka yi ma haka." Stephen ya dube shi da idon da ya rage, bai ko motsa ba.

Daga ranar Inna ke dama kunun gyaɗa mai ruwa-ruwa, Fiddausi ta kai. Takan miƙa wa Susanna flas a bakin ƙofa ta juya. Ranar Talata Susanna ta riƙe mata hannu.

"Ke kina kallon wajensu, na gan ki. Duk wasan ba ki kalli fili ba. Me kika gani?"

"Hayaƙi ya yi yawa."

"Kafin hayaƙin nake nufi, Fiddo."

"Inna na jirana," ta ce, ta zare hannunta.

Da ta dawo gida ta iske babanta a tsakar gida, rediyo a gabansa, ana ta maganar zaman Alhamis. Wani mai kira ya ce shi mamaki yake, tun yaushe makaɗi ke juya kiɗa ba a sa shi ba? Koci ya ɗauki rediyon ya maka da katanga. Batura suka watse, kaji suka tashi. Ya bi gutsattsarin yana takawa da ƙafa har sai da ba abin da ya rage. Ƙannenta suka shige ɗaki. Da ya ɗago, ya ga Fiddausi tsaye da flas, tana kallonsa. Ba ta sunkuyar da kai ba, karo na farko a rayuwarta.

"Mi kika kallo?"

Ta ƙara rungume flas ɗin a ƙirji.

Ya tako har gabanta, numfashinsa na dukan goshinta. Ya ɗaga hannu. Ta ga tafin, wanda ya dafa gwiwar, ta runtse ido tana jira. Marin bai sauka ba. Da ta buɗe ido ya sauke hannun, yana kallonsa kamar na wani.

"Tsoro ɗai nis so su ba rafali," ya ce a hankali. "Ban ce su taɓa shi ba. Ke ɗiyata ta. Kin ji ko? Ɗiyata."

Ya shige zaure ya ja ƙyaure.

Washegari Laraba da hantsi ta kai kunu. Susanna ba ta nan, ta tafi karɓo magani, don haka ba wanda za ta miƙa wa a ƙofa. Ta daɗe tsaye kafin ta shiga. An tayar da Stephen zaune, an jingina shi da filo. Rabin fuskarsa a naɗe, ɗaya rabin ya yi baƙi ya kumbura. Ta zuba kunun a kofi, ta sa masa bututun roba ta gefen baki inda haƙori ya fita. Ya zuƙa a hankali, kowace haɗiya sai ya runtse ido.

"'Yar Koci," ya ce ta tsakanin haƙora. Sai ta matso sosai take gane maganar. "Kin rame."

"Sannu, Yaya."

"Satar gida ce, kin sani. Ya wuce su da taki guda. Ko yau aka sake, sai na ɗaga."

"Na sani."

Ya lumshe ido yana hutawa. Can gadon gefe wani tsoho na nishi.

"Na ji kiɗan," ya ce. "Tun ina yaro nake bin Maigandi wurin dambe. Na san shi. Bai taɓa kaɗa wa kowa take don ra'in kansa ba." Ya juyo da idon ya sauke a kanta. "Ba tambayarki nake ba. Kada ki ce komai. Ubanki ne."

Da ya tambaye ta, da wataƙila ta ce hayaƙi. Amma ya ce kada ta faɗa, sai ta ji bakinta ya buɗe da kansa. Ta faɗa masa duka, tun daga zaure har filin Argungu, har da rariyar da ta je aro ta fita ba ta gargaɗe shi ba. Ba ta tsaya ba sai da ta kai ƙarshe. Ba ta taɓa yin magana mai tsawon haka a gaban namiji ba.

Stephen ya jingina kai da filo. Hawaye ya gangaro daga idon mai kyau, ya bi kumburin ya shige bandeji. Hannunsa na dama na kan zanen gado, yana damƙewa yana sakewa.

Duk garin an faɗi abin da ya dace da Koci Tamba. Masu rediyo sun faɗa, masu shayi sun faɗa, gobe kwamiti zai faɗi nasa. Mutum ɗaya ne ba wanda ya tambaya, kuma ita ma gudun tambayarsa take tun ranar da aka kawo shi, don ta san duk abin da ya ce, ba za ta iya yin kamar ba ta ji ba. Daga baranda ta jiyo takun Susanna na matsowa, tana gaisawa da ma'aikatan jinya.

Fiddausi ta ajiye kofin a kan durowa. Ta goge hannunta a zane, ta dubi idon nan ɗaya kai tsaye.

"Yaya Stephen," ta ce, "gobe in na tahi gabansu na hwaɗi, kai mi kaka so a yi mashi?"